Gargaɗi ga masu sake wayarin na tsohon gida a Sakkwato

Jama'a, duk mai shirin sake wayoyin wuta a tsohon gida ya tsaya ya karanta wannan, don abin da ya same mu a Runjin Sambo kada ya sami wani.

Gidan mahaifinmu ne, ginin shekarun 1980, wayoyinsa irin na da, ja da baƙi. Robar jikinsu ta bushe, kana lanƙwasawa tana farfashewa. Da muka yi niyyar sa wa Inna AC kafin zafin Afrilu, aka haɗa ni da wani mai gyaran wuta, mai fara'a, bakinsa zuma. Ya leƙa silin da tocila, ya sauko yana kaɗa kai: "Alhaji, wagga waya ta mutu, sai an fidda ta duka." Gaskiya ya faɗa, kuma da gaskiyar ya kama ni. Ya ce in bar masa sayayya, yana da mutum a kasuwa. Na biya kuɗin naɗin waya mai lambar kauri 1.5 don fitilu da fanka, 2.5 don soket, 4 don AC. Kwana uku ya ce ya gama. Na buɗe soket biyu na ga sabuwar waya tana ƙyalli, na cika masa kuɗinsa har da na mai.

Ba a yi wata biyu ba, wata rana bayan Isha Inna ta kira ni: "Kai, zo ka ji, ƙaurin roba nake ji." Bangon da ke bayan gadonta ya yi zafi kamar murhu. Muka kashe wuta daga babban makunni, muka kwana a tsakar gida.

Da safe wani dattijo da ya daɗe a sana'ar ya ja wayar soket ɗin. Sabuwar ba ta fi kamu ɗaya ba. Daga nan sai ƙulli da baƙin salatif, ya narke ya manne, bayansa tsohuwar wayar nan ce kwance cikin bututu. Haka muka tarar a ɗakuna uku. A falo da kicin mai gyaran na farko ya cire tsohuwar da gaske, amma ya kwashe ta da sunan shara, alhali jan ƙarfe ne zalla da 'yan gwangwan ke saye a kan kilo. Abin da ya sa a madadinta kuwa, dattijon ya kankare da wuƙa sai ga fari a ciki: alminiyam ne aka yi wa rufin jan ƙarfe. Ya kara masa wutar ashana, silin wayar ya langaɓe nan take. Jan ƙarfe na gaske ba ya haka. Alminiyam ba ya ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe mai kauri ɗaya da shi, yana kuma saki a wurin ɗauri, to ka haɗa wannan da AC da zafin garin nan da ke haura digiri 40.

Kuskurena ɗaya ne: ban ce a tara mini tsohuwar waya a gabana ba. Da na nema, da tulin da zai kawo ya tona shi, don gida mai ɗaki biyar ba zai fitar da abin da bai cika leda ba. Yanzu da aka sake aikin, ni na je shago da kaina, na duba hatimin SON, hukumar kula da ingancin kaya, a jikin naɗin, na sa aka yanko baki aka kankare ina kallo. Kowane ɗaki sai da aka zare tsohuwar ƙarƙaf kafin a zura sabuwa.

Shi kuwa gogan, layinsa a kashe yake tun ranar. Wanda ya haɗa mu ya zo har gida ya ba Inna haƙuri, ya ce shi ma gidan ƙanwarsa mutumin ne ya yi. Jibi za mu je mu buɗe nata soket ɗin.