Da me za ka auna bayanin kayan aikin wakilinka na AI?

Wakilin AI, wato injin AI irin na ChatGPT da aka ba damar aiwatar da ayyuka da kansa, ba ya leƙa cikin manhajarka. Abu uku kawai ake miƙa masa game da kowane kayan aiki, wato kowane aikin manhajar da zai iya kira: suna, ɗan bayani a rubuce, da tsarin guraben da zai cike, wanda galibi ake rubutawa da JSON Schema, wata ƙa'idar fayyace siffar bayanai. Da su yake yanke shawarar wanda zai ɗauka. Haka abin yake tun da OpenAI ya fito da tsarin kiran kayan aiki a Yunin 2023, kuma MCP, ƙa'idar haɗa wakili da kayan aiki da Anthropic ya saki a Nuwamban 2024, ya bi wannan sahu. To idan kana da kayan aiki biyu, ɗaya na nemo mai saye da sunansa, ɗaya da lambar oda, amma bayaninsu kusan ɗaya ne, sai wakilin ya koma canki-canka.

Cikin hanyoyin auna wannan bayani, mafi araha shi ne MCP Inspector. Kyauta ne, yana nuna maka jerin kayan aikin da bayanansu, kana iya kiran kowanne da hannunka. Sai dai kai ne mai zaɓa a nan, ba wakilin ba, don haka abin da zai tabbatar maka kawai shi ne kayan aikin na aiki.

Akwai kuma jadawalolin gasa da ke jera injinan AI bisa iya kiran kayan aiki, irin su BFCL na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Suna da amfani idan injin AI kake son zaɓa, amma da kayan aikin wasu aka yi gwajin. Abin ɗauka a wannan ɓangaren yana wajen tau-bench, wani gwajin wakilai da kamfanin Sierra ya fitar a 2024. Shi yana tambaya ne: idan aka maimaita aiki ɗaya sau da dama, sau nawa wakilin zai ci duka a jere? Yi lissafi ka gani. Wakilin da ke dacewa kashi 90 cikin 100 a kowane gwaji, damarsa ta cin takwas a jere ba ta wuce kashi 43 ba. Duk manhajar da ba ta bari ka maimaita gwaji, kada ka saka kuɗinka a ciki.

Wanda na fi shakka a kai shi ne inda ake ba wani injin AI bayaninka ya karanta ya ba shi maki. Yana da sauri, rahotonsa kuma na da kyan gani. Amma maki ne na iya rubutu. Bayani mai tsawo da daɗin karatu na iya cin maki mai yawa, alhali bai faɗi cewa a rubuta shekara kafin wata a gurbin kwanan wata ba, wakili kuwa a nan zai yi ta tuntuɓe. Ga shi kuma duk bayanan nan ana tura su ne tare da kowane saƙo, wato tsawonsu kuɗi ne.

Inda nake ba da shawarar a fara shi ne gwajin da kai ka tsara, domin gani ya kori ji. Ka rubuta ayyuka irin waɗanda masu amfani da manhajarka ke nema, da irin lafazinsu, har da wanda bai cika ba. Ka saka waɗanda bai kamata a taɓa wani kayan aiki ba sam, saboda wakilin da ke soke oda ba a ce ya soke ba ya fi wanda ya tsaya ya yi tambaya haɗari. Daga nan sai ka sauya jimla ɗaya a bayanin, ka sake gwadawa, ka duba ko ya ɗauki kayan da ya dace, ko ya cike guraben daidai, da yawan kiran da ya yi kafin ya gama. Manhajar Promptfoo na yin wannan da fayil ɗin YAML, wato fayil na rubutu da kake jera gwaje-gwajen a ciki, ya fi sauƙin farawa. Inspect, wanda cibiyar kula da amincin AI ta gwamnatin Birtaniya ta saki a 2024, yana buƙatar yaren rubuta manhaja na Python, amma ya fi dacewa da aiki mai matakai da yawa. Dukansu kyauta ne, kuɗin kiran injin ne kawai a kanka.

Na biya irin su LangSmith da Braintrust suna zuwa ne bayan wakilin ya fara hulɗa da jama'a. Suna adana sawun kowane kira, ka ga inda ya kauce, ka mayar da wannan kuskuren cikin gwajinka. Kafin ka sa hannu, ka tambayi inda za a ajiye hirarrakin masu sayenka, da ko za ka iya kwashe gwaje-gwajenka ranar da ka so tafiya. Idan ba ka so hirarrakin su fita daga hannunka, Langfuse, mai irin wannan aiki, na ba ka damar ɗora shi a kan sabarka.