Ƙarin ruwan zoledronet ga yara masu ciwon Duchenne: yana aiki, amma karon farko akwai wuya

Duchenne ciwo ne na gado da ke raunana tsokar yara a hankali, zoledronet kuma maganin ƙarfafa ƙashi ne. Ana ba yaran maganin ne saboda sitiroyid ɗin da suke sha kullum, firednisolon ko deflazakot, yana cin ƙashi a hankali har gaɓoɓin ƙashin baya su fara lotsawa. Ta jijiya ake sa shi, cikin minti 30 zuwa 45, sau ɗaya duk wata shida, yawanci miligiram 0.05 a kan kowane kilo na nauyin yaro. Ta fannin ciwon baya kam na yaba masa. Yaron da ke ƙara idan an ɗaga shi daga keken guragu yakan samu sauƙi cikin 'yan makonni. Ya kuma fi famidronet, wani maganin ƙashi irinsa, sauƙin sha'ani, tunda shi wancan kwana uku a jere ake yi ana neman jijiya.

Abin da ke ɓata min rai shi ne yadda ake sallamar iyaye bayan karon farko da cewa ɗan zazzaɓi ne kawai irin na mura. Wallahi ga waɗannan yara ya wuce haka. Daga awa 24 zuwa kwana uku jiki kan yi zafi rau, ƙashi da tsoka su ɗau ciwo, sai tashin zuciya da amai. Aman nan shi ne babban haɗari. Yaron da ya shekara yana shan sitiroyid, ƙullin da ke saman ƙodarsa ya daina samar da nasa sitiroyid ɗin yadda ya kamata. Ga zazzaɓi ya ƙara wa jiki buƙata, ga ƙwayar da ya sha ta dawo cikin amai. Sai a ga yaro ya yi laushi, barci ya danne shi, ƙarfin bugun jini ya sauka, sukari ya faɗi. A nan ba a jiran gari ya waye: allurar haidirokotizon (sitiroyid na gaggawa) a cinya, sannan asibiti. Don haka duk inda za a sa wa yaro ruwan nan ba a rubuta wa iyaye tsarin ƙarin sitiroyid na kwanakin ba, ba a ba su maganin tsayar da amai ba, ba a koya musu allurar gaggawa ba, a ganina an yi rabin aiki.

A kuma riƙa duba fitsari. Idan ya koma duhu kamar shayin da ba madara, tsoka ce ke narkewa tana bi ta ƙoda, kuma an ga hakan a masu Duchenne bayan wannan ruwa. Shi ya sa ake matsa wa yaro ya sha ruwa sosai kafin a sa da bayan an sa, a tsaya kan farasitamol, kada a ɗora ibufurofen a kan ƙodar da amai ya riga ya busar. Gwajin kiriyatinin, na auna aikin ƙoda, ma yana yaudara a nan, domin yaro mai ƙarancin tsoka sakamakonsa kan fito ƙasa, kamar lafiya lau, ko da ƙodar ta gaji. Gwajin sistatin C, shi ma na ƙoda, ya fi faɗin gaskiya.

Kalsiyam ɗin da ke cikin jini yakan sauka bayan wannan ruwa: leɓe da yatsu su riƙa tsikari, hannu ya ƙandare. Maganinsa a auna bitamin D a cike giɓinsa tun kafin ranar, a ci gaba da ba da kalsiyam na kwanaki bayan haka. Likitan haƙori ya duba baki tukuna, duk da cewa ruɓewar muƙamuƙin da ake tsoro a manya da ƙyar ake ganinta a yara. Ido idan ya yi ja yana ciwo, a kai shi a duba.

Karo na biyu da na uku yawanci lafiya lau suke wucewa, wannan gaskiya ne, kuma farawa da rabin adadi yana ɗan rage wahalar karon farko. Sai dai ina da sauran ƙorafi. Awon ƙashi zai nuna ya ƙara ƙarfi, amma sabuwar karaya ba ta daina zuwa gaba ɗaya ba, gaɓar da ta lotsa kuma ba ta cika miƙewa, tunda sitiroyid ya riga ya tsayar da girman yaron. Ina goyon bayan a sa wa wanda hoton baya ya nuna masa karaya, da sharaɗin kwana ukun farko a kwana kusa da asibiti, allurar gaggawa tana hannu.