Rigar bugun hannu ta Indiya da na saya, ga yadda na same ta

Masu ta tambayata a kan doguwar rigar nan mai buɗaɗɗen gaba da na ɗora kan abaya ranar suna, to daga Jaipur take, ƙanwata da ke karatu a can ce ta sayo min a wani ƙaramin shago da suke ɗaukan yadin gargajiya suna masa ɗinkin zamani.

Zanen jikinta ba na inji ba ne, da hannu ake bugawa. Katako ake sassaƙawa a fitar da zanen, a dangwala a rini a danna kan auduga ɗaya bayan ɗaya har yadin ya ƙare, kuma kowace kala da nata katakon. Jikin rigar irin na Bagru ne, wani gari kusa da Jaipur a jihar Rajasthan inda mutanen Chhipa suka gaji sana'ar kaka da kakanni. Suna kiran aikin dabu, laka ake kwaɓawa da ƙaro a buga a jikin yadin a barbaɗa garin katako ta bushe, sannan a tsoma a baba, duk inda lakar ta rufe rini baya kamawa sai ya fito fari. Wallahi da na buɗe ledar ƙanshin da ya bugi hancina sak na marinar Ƙofar Mata.

Amma abin da ya fi tafiya da ni shi ne bakin hannun da wuyan, nan suka sa ajrak, wani salon bugun katakon daban, ja da baƙi da shuɗi mai taurari ƙanana. Wannan aikin dangin Khatri ne na Kutch a Gujarat, waɗanda bayan girgizar ƙasar 2001 da yawansu suka bar Dhamadka suka kafa sabon ƙauye Ajrakhpur suka ci gaba da aikinsu. Baƙin ma daga tsatsar ƙarfe da mazarƙwaila ake haɗa shi, jan kuma daga saiwar wani tsiro. In kika kawo idonki kusa za ki ga wani wurin layin ya ɗan hau kan ɗan'uwansa, wani wurin rinin ya fi kauri inda mai bugun ya danna da ƙarfi, ni kam wannan ne ma ya sa nake son ta don ina ganin hannun mutum a jiki, kuma duk taron babu mai irinta.

Sai dai fa tana zuba. Wankin farko ruwan ya koma shuɗi sosai, don haka ku wanke ta ita kaɗai da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, kar a jiƙa, a shanya a inuwa. Audugar shara-shara ce, lokacin zafi daɗi kamar me amma dole sai da wata rigar a ciki. Ɗinkin kuma gaskiya bai kai yadin ba, hannun ya min gajere kuma zaren aljihu ya fara warwarewa da wuri, sai da telana ya bi ya gyara.

Kuɗinta ya fi na atamfa mai kyau, kuma a kasuwa akwai na inji da ake sayarwa da sunan na hannu, shi za ki ga zanen ya tafi daidai ba ko ɗan kuskure. Ni dai na riga na ce wa ƙanwar tawa in za ta dawo hutu ta taho min da yadin ajrak zalla, a nan zan ba da ɗinkin.