Yawon keke a ƙauyukan inabi na Alsas, da abin da na gani na kuɗi da hidima

Salam Yaya, ya gida ya yara, ya su Inna? Ina fata damina ta yi kyau. Ran Asabar da ta wuce ni da wani abokin aikina ɗan Senegal muka je yawon keke a Alsas, yankin Faransa da suke noman inabi, na ce bari in rubuto maka tun abin yana kaina.

Daga Strasbur muka hau jirgin ƙasa zuwa Kolmar, tafiyar wajen minti 30. Abu na farko da ya burge ni, abokina ya shiga jirgi da kekensa ba wanda ya ce ya biya kuɗin kaya, akwai ƙugiya a cikin taragon ka rataye shi da ƙafar gaba ka je ka zauna. Ka tuna rigimar da ake da ’yan kamasho a tashar Maradi in za a ɗora keke saman mota, to nan babu ita. Ni kuma haya na yi a Kolmar. Na ƙafa zalla wajen yuro 15 ne a wuni, mai batir ya kusa 40, kuma ka san yuro ɗaya sefa 656 ne, wato jika 26 kenan don hawan wuni guda. Na ɗauki mai batir saboda an ce min akwai hawa. Ba sa neman wanda zai tsaya maka, kati kawai suka karɓa suka riƙe kuɗin jingina, suka haɗo min da kwaɗo da hular kwano.

Hanyar da suke kira ta giyar Alsas an buɗe ta tun 1953, tsawonta kilomita 170 daga Marlenhaim zuwa Tan, mu ɗan tsakiyarta kawai muka taɓa. Muka fara da Egishaim, kilomita 7 daga Kolmar, gari ne da aka gina a zagaye, lungunansa suna kewaya juna, gidajen katako da fenti kala-kala, fure a kowace taga. A 2013 Faransawa suka zaɓe shi ƙauyen da suka fi so. Daga nan Turkhaim, sai Kaizasbag inda aka haifi Albert Schweitzer a 1875, likitan nan da ya gina asibiti a Lambarene ta Gabon.

Maganar hanya kam gaskiya sun yi nisa. Har ’yan ƙananan hanyoyin cikin gona da tarakta ke bi an zuba musu kwalta, kowace mararraba da allo mai hoton keke da sunan gari na gaba da kilomita nawa ya rage, ba sai ka tsaya tambaya ba. Inda muka haɗa hanya da motoci kuma doka ta ce direba ya bar maka mita ɗaya da rabi in a wajen gari ne, kuma yawancinsu suna bi, za ka ji mota ta rage gudu a bayanka tana binka a hankali har sai ta samu fili, ba oda ba zagi. Wannan ya taɓa ni sosai don na tuna yaranmu masu zuwa lakwal a keke tsakanin manyan motoci da ’yan kabu-kabu.

Gonakin a jikin tudu suke, gindin duwatsun Voj, layi-layi an ɗaure kurangar a waya. Kusa da Kaizasbag gangaren ya yi tsanani har sai da suka yi masa matakala da katangar dutse don kada ƙasa ta zube. Na tsaya na duba nonon inabin kusa, ƙanana ne ba irin manyan da ake sayarwa a kanti ba, a cunkushe, wasu kore wasu sun fara ja-ja, da wata ’yar farar ƙura a fatarsu da ke gogewa in ka shafa da yatsa. Wani manomi ya ce mana a Satumba ake tsinka, kuma a irin wannan gangare da hannu ake yi da almakashi. Duwatsun suna tare hadari, shi ya sa Kolmar na cikin garuruwan da suka fi ƙarancin ruwan sama a Faransa, wajen milimita 600 a shekara, bai ɗara namu na Maradi da yawa ba, sai dai nasu a warwatse yake duk shekara kuma rana ba ta shanye shi.

Ko'ina ka juya gidan sayar da giya ne ana cewa shigo ka ɗanɗana. Ni da na ce ba na sha matar ba ta ko ɗaga gira ba, ta kawo min ruwan inabi zalla wanda ba a tsima ba, mai zaƙi da sanyi. Abinci ne sai ka yi hattara, akwai wata gurasa siririya da suke gasawa da kirim da albasa, asalinta da naman alade ake yi, dole ka ce a yi maka babu shi, kuma ka maimaita.

To yanzu ga inda muka fi su, kuma da gaske nake. Bayan mun fita Kaizasbag za mu Rikwir tayar abokina ta yi faci. Yaya, ƙauye cike da ’yan yawon buɗe ido amma babu mai faci ko ɗaya. Babu rumfa, babu bahon ruwa da ake tsoma tif a nemo huji, babu yaro mai famfo. Muka buga wa wani shagon gyara waya, mutumin ya ce aiki ya yi masa yawa sai dai mu kawo sati mai zuwa, kuma kuɗin hannunsa da awa yake lissafawa, canjin tif kaɗai ya ce wajen yuro 15 ban da kuɗin tif ɗin. A gida da dala ashirin ko arba'in an gama, kana zaune a benci ana hira. Allah ya taimaka abokina yana da sabon tif da ’yan cokulan cire taya a jaka, mu muka durƙusa a bakin gona muka canja, wani dattijo mai wucewa ya ara mana famfo mai kyau. Nan kaya ba su da tsada in ka auna da albashi, hannun mutum ne ke da tsada, shi ya sa kowa yake yawo da kayan gyaransa.

Haka ma ci da sha. Facin ya ja mu har ƙarfe 2 ta wuce, gidajen abinci da yawa sun rufe kicin sai dare, babu mai shayi babu mai tsire babu mai ƙosai da za ka tsaya a kai. Burodi da cuku muka saya muka ci. Ruwa ma akwai famfunan dutse masu kyau a tsakiyar gari amma wasu an rubuta ba na sha ba ne, da shi dai na yi alwala muka yi azahar a inuwar wata bishiya a gefen gona. Da Lahadi ce muka zo da abin ya fi haka, don a Alsas yawancin kantuna a rufe suke ran Lahadi.

A Hunawir da Ribovile mun ga manyan fararen tsuntsaye masu jan baki, dangin shamuwa, sun yi sheƙa a saman rufi. A 1974 saura ma'aurata 9 kacal a duk Alsas, sai aka tashi kiwonsu, yanzu sun dawo da yawa, kuma tun asali wasunsu Afirka ta Yamma suke zuwa cin rani.

Batun keken batir da ka ce in duba wa babban yaronka, na hau shi wuni guda kuma yana da daɗi, hawan da abokina ke haki ni a zaune na haye. Amma ban ba ka shawara ba. Batir ɗin kaɗai in ya mutu ɗaruruwan yuro ne, ba ya son zafi irin na watan Afrilu a wajenmu, ga ƙura, ga ɗauke wuta, kuma in injin ya samu matsala babu kayan gyaransa a kasuwa. Gara ka nema masa mai giya na hannu mai ƙarfi a can gida. Ni zan aiko da famfo da fitila da hular kwano in an samu mai zuwa, ka auno min kansa da zare ka faɗa min santimita nawa ne.