Trump da Haley: wa ya fi iya kawo ƙuri'a?

A zaɓen fid da gwani na takarar shugaban ƙasar Amurka a jam'iyyar Republican a 2024, hujjar Nikki Haley ɗaya ce: ita za ta fi saurin kayar da Biden. Kuma ba da baki kawai take faɗa ba. Ƙuri'un jin ra'ayi da dama sun nuna ta fi Trump jan masu zaɓe 'yan ba-ruwanmu da jam'iyya, waɗanda ke raba gardama a jihohi irin Pennsylvania. Tsohuwar gwamna ce, ba shari'a a wuyanta, shi kuwa huɗu yake fuskanta.

Sai dai 'yan jam'iyya ba lissafin suke yi ba. A Iowa Trump ya samu kashi 51, ita ta zo ta uku. Hatta jiharta, South Carolina, ta juya mata baya. Vermont da birnin Washington kaɗai ta ci, ta janye ranar 6 ga Maris.

A ganina masu lissafin sun raina ƙarfin Trump na fito da mutanen da ba su saba zuwa rumfar zaɓe ba. A Nuwamba ya doke Kamala Harris, wadda ta maye gurbin Biden a takarar, inda ya samu ƙuri'u 312 na wakilan jihohi masu zaɓen shugaban ƙasa.