Zabbix a Yamai: kyauta ne, amma lokacinka zai ci

Ƴan uwa masu kula da sabar da rezo a ma'aikatu, bari in faɗi abin da na gani game da Zabbix, tunda mutane na yawan tambayata wai shin ya cancanci wahalar girkawa ko a nemi wani abu. A taƙaice ya cancanta, musamman in kuna da babban buro a Yamai da rassa a Tawa ko Maraɗi ko Damagaram. Amma wanda ya ce maka za ka girka shi da safe ka huta da marece, bai gaya maka gaskiya ba.

Ga wanda bai san shi ba, manhaja ce ta sa ido. Kana da sabar guda da ke tattara labari, ita ce uwar, sannan a kowace na'ura ka sa ɗan ƙaramin ajan da ke faɗa mata halin da ake ciki, diski ya kusa cika ne, ram ta ƙare ne, wani sabis ya mutu ne. Alexei Vladishev ne ya ƙirƙiro ta, ta fito ga jama'a a 2001, kamfanin kuma yana Riga ƙasar Latbiya tun 2005. Ba a sayar da lasisi, ba a ƙirga maka yawan na'urori, kuɗinsu daga tallafi da horo suke samu. Siga ta 7.0 da ta fito a Yunin 2024 mai dogon tallafi ce na shekara 5, kuma da ita ne sunka koma lasisin AGPL. In yanzu za ka fara, ɗauki mai dogon tallafi kawai, kar ka bi kowace sabuwa da ta fito, ba ka da lokacin wanga gudu.

To mi ya sa na ce ta dace da mu? Furoksi, wato ɗan tsakani da ke tattara bayanan na'urorin reshe ya miƙa wa uwar. Duk sauran abubuwan wasu manhajoji ma suna yi, amma wannan shi ne ya riƙe ni. Tsakanin Yamai da Tawa sama da kilomita 500 ne, kuma kowa ya san layi na yankewa, wani lokaci kuran ne, wani lokaci waya ce anka tone a hanya. In duk na'urorin reshe kai tsaye suke magana da Yamai, da zarar layi ya yanke sai allonka duk ya yi ja, wayarka ta cika da saƙo, kuma labarin abin da ya faru cikin waɗannan awoyi ya tafi ke nan. Amma in ka aje furoksi a reshen, ko a ƴar ƙaramar kwamfuta ce da ƙaramin rumbun bayanai SQLite, shi zai ci gaba da karɓar bayanai yana adanawa, layi na dawowa ya turo su duka da lokutansu. Sai dai ka lura, yadda yake zuwa awa 1 kawai yake riƙewa in bai samu uwar ba. Awa 1! A Turai ƙila ta isa. Nemi ProxyOfflineBuffer cikin fayil ɗin saiti ka ɗaga shi, yana kaiwa har awa 720, ni dai ina ganin kwana 2 ko 3 ya wadatar in diskin na da wuri. Waɗanda sunka yi aiki bayan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo mana, sun san abin da nake nufi, gurup ɗin wuta na aiki mai na ƙarewa, ana kashe wasu na'urori da gangan don a tsira da sauran.

Yanzu maganar ajan, nan ne mutane ke zubar da hawaye. Ka girka, ka ƙara na'urar a shafin Zabbix da kake duba komai, sai ƴar alamar ZBX ta ƙi yin kore. Abin da na lura, mafi yawan lokaci ajan ɗin lafiyarsa lau, abin da ke tsakaninsu ne ya lalace. Da farko ka san hanya biyu ce. Akwai wadda uwar ke ƙwanƙwasa wa ajan ta ƙofa 10050 ta tambaye shi, akwai kuma wadda ajan da kansa ke kiran uwar ta ƙofa 10051 ya kai rahoto. Layin Server cikin fayil ɗin saitin ajan na hanyar farko ne, ServerActive na ta biyu, kuma sabon shiga kusan kullum ɗaya yake cikawa ya manta ɗayan, ya ɗora tamfilet, wato shiryayyen jerin abubuwan da za a duba, wanda ke buƙatar layin da ya manta, ya zauna yana jiran bayanai har la'asar. Ga rassan da ke bayan rawuta babu adireshin waje na dindindin, hanya ta biyu ita ce mafita, tunda su ke fita, ba sai ka buɗe ƙofa daga waje ba.

Sai suna. Wallahi wanga suna ya cinye wa mutane ranaku. Abin da ka rubuta a Hostname dole ya zama daidai da wanda ke shafin, harafi da harafi, babban baƙi da ƙaramin baƙi ba ɗaya ba ne wurinsa. Ka rubuta Tahoua a nan, tahoua a can, shi ke nan bai san ka ba, sai ka ga log, fayil ɗin da ajan ke rubuta abin da ke faruwa, yana ta maimaita host not found. Shi ya sa nake cewa kar ka taɓa komai sai ka buɗe log tukuna, a Linux yana cikin /var/log/zabbix, kuma a nan dole in yaba masu, log ɗinsu ba ya noƙe-noƙe. In adireshin da ya kira shi ba ya cikin waɗanda ka yarje wa, zai rubuta maka adireshin ƙarara ya ce ya ƙi shi. Wannan na faruwa sosai in ka mayar da na'ura ƙarƙashin furoksi ka manta canza Server zuwa adireshin furoksin.

In log bai ce komai ba, ɗauki umarnin gwaji zabbix_get daga kan uwar ko furoksin ka tambayi agent.ping. Ya amsa 1, hanya a buɗe take, matsalar na shafin. An ƙi haɗin nan take, to sabis ɗin bai tashi ba ko ba ya sauraro a ƙofar. Ya yi shiru har lokaci ya ƙare, wannan bangon tsaro ne ko rezo, a Windows kuwa kusan ka rantse bangon tsaron ne. A Linux irin Rocky da Alma kar ka manta da tsarin tsaronsu SELinux, kuma don Allah kar ka kashe shi gaba ɗaya don ajan guda, na san haka ake yi in an gaji amma ba daidai ba ne. Lokacin jira kuma daƙiƙa 3 ne yadda yake zuwa, a layin da ke jan ƙafa wannan kaɗai ya isa ya sa wasu abubuwa su riƙa zuwa suna ɓacewa, ana iya ɗaga shi har 30, kuma a 7.0 sun sa ana iya saita shi ga kowane abu daga shafin, wanda gaskiya gyara ne mai kyau.

Akwai kuma agogo, wanda ba kowa ke tunawa da shi ba. Tsohuwar kwamfuta da ƴar batirin cikinta ta mutu, wuta ta ɗauke ta dawo, sai ta tashi da kwanan watan shekarun baya. Ajan na aiki, yana turo bayanai, amma kai ba ka ganinsu a jadawalin yau don can baya sunka faɗa. Tamfilet ɗin Linux na da gargaɗin da ke tashi in agogo ya kauce da fiye da daƙiƙa 60, kar ka kashe shi wai ya dame ka, sa chrony mai daidaita agogo ka sayi batiri, bai kai kuɗin shayi da burodi na sati ba.

Ajan iri biyu ne, tsohon da anka rubuta da C da kuma ajan 2 na Go da ya zo da siga 4.4 a 2019. Ni na biyun nake sawa a sababbin na'urori saboda yana duba PostgreSQL da Docker da su ba tare da ka rubuta komai ba. Kar dai ka tada su biyu a na'ura guda, ƙofa ɗaya suke so.

In na'urorinka sun wuce goma, daina shiga ɗaya bayan ɗaya da hannu. Ansible, manhajar saita na'urori da yawa a lokaci ɗaya, na da tarin kayan Zabbix da jama'a ke kula da shi, ka rubuta saiti sau ɗaya ka watsa ko'ina, suna ya fito daidai, makullin sirri na PSK ya shiga daidai, sannan ka kunna rajista ta kai tsaye sabuwar na'ura ta shigo da kanta ta ɗauki tamfilet ɗinta. Rabin matsalolin da na lissafa a sama daga yatsun mutum suke fitowa, da wannan sai su ragu. Ondilar da suwic da rawutocin MikroTik kuwa ba a sa masu ajan, ta SNMP ake tambayarsu, wato hanyar da na'urorin rezo ke ba da rahoto, kuma ni a ganina duba batirin ondilar da zafin ɗakin sabar ya fi duba furosesa muhimmanci a garin nan, a watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, kilim na tsayawa ɗakin ya zama tanda kafin ka gama sallar azahar.

Inda bai burge ni ba. Shafin nasa ba ya lallashin baƙo, menu cikin menu, kuma yadda ake rubuta sharaɗin gargaɗi sai ka zauna ka koya, sun ma canza salon rubutun a siga 5.4 don haka tsofaffin misalan da ke intanet da yawa ba za su yi maka aiki ba. Akwai Faransanci a shafin, wannan ya taimaka, amma amsoshin matsaloli masu zurfi galibi da Ingilishi ko Rashanci za ka same su. Rumbun bayanai kuma yana kumbura in ka bar shi yana tara komai kowane minti, rage abin da ba ka dubawa, rage kwanakin tarihi, in abin ya girma ka koma PostgreSQL da TimescaleDB. Sannan saƙonni, in ba ka ɗaura gargaɗin na'urorin reshe a kan na rawutar reshen ba, layi guda zai yanke ka samu saƙo arba'in a Telegram, bayan sati biyu kowa ya rufe sautin gurup ɗin, ranar da abu na gaske ya faru ba mai gani. Ka kuma haɗa modam mai layin waya don SMS, saboda in intanet ɗin buro ne ya tafi Telegram ba shi da hanyar fita.

Maigida ya taɓa tambayata, malam ba akwai wanda ake biya a huta ba? Na ce akwai yallaɓai, Datadog da ire-irensa, amma kowace na'ura da kuɗinta kowane wata da dalar Amurka, kuma shafin na waje, layi ya yanke ba ka ganin ko sabar da ke ɗaki ɗaya da kai. PRTG na Jamusawa ya fi sauƙin farawa kuma kyauta ne har sansa 100, wato abubuwa 100 da ake dubawa, sai dai 100 ɗin na ƙarewa da wuri kuma Windows yake so. Prometheus da Grafana sun fi kyan jadawali, in aikinku kwantena ne ku je can. Amma ma'aikata mai rassa, da tsofaffin Windows da Linux da suwic a cakuɗe, da ma'aikaci ɗaya ko biyu a sashen kwamfuta, ni Zabbix zan ce, da sharaɗin a ba wanda zai riƙe shi lokaci ya gyara gargaɗin kafin a fara turo wa shugabanni saƙo a waya.