Kwana tara da Duna ya yi a gidan mai rainon karnuka

Tun da na ɗauko Duna yana ɗan wata uku bai taɓa kwana a wani gida ba, ga shi yanzu shekararsa shida. Baƙi ne wuluk, kilo 24, mai sanyin hali, sai dai yana da farfaɗiya. Kullum sau biyu yake shan ƙwayar fenobabital, bakwai na safe da bakwai na dare, kuma likitan dabbobi ya ja mini kunne tun farko cewa maganin nan ba a tsallake shi, domin yanke shi farat ɗaya kan tayar da ciwon. To da tafiyar kwana tara ta kama ni, sai da na yi mako guda ina juyayin hannun da zan danƙa shi.

Na fara leƙa wuraren ajiyar karnuka irin na keji a jere. Suna da tsabta, amma haushi ba ya yankewa, shi kuwa Duna hayaniya na ɗaga masa hankali, tashin hankali kuma yana cikin abubuwan da ke tsokano ciwonsa. Shi ya sa na koma neman masu karɓar kare a cikin gidajensu, ya kwana a falo kamar ɗan gida. Haka na samu matar da zan yi magana a kanta. Ba zan ambaci sunanta ba, amma zan faɗi abin da ya faru, mai daɗi da marar daɗi.

Ranar da muka fara zuwa, kafin ma ta shafa kan Duna sai ta miƙo hannu ta ce, "Malam, ina katin rigakafinsa?" Ta zauna ta bi shi layi-layi: allurar haukan kare, ta parbo (cutar amai da gudawa ta karnuka), ta distemfa (wata cutar karnuka mai yaɗuwa). Da ta ga ba a yi masa rigakafin tarin nan da karnuka ke shafa wa juna idan sun cuɗanya ba, wanda ƙwayar Bordetella ke cikin masu haddasa shi, sai ta ce in je a yi masa da sauran mako biyu kafin tafiyata, in ba haka ba ba za ta karɓe shi ba. Ta tambayi ranar da na yi masa maganin kaska da ƙuma. A lokacin na ɗan ji nauyin tambayoyin, amma a hanyar komawa gida na gane cewa duk karen da Duna zai kwana da shi ta wannan matsatsiyar ƙofa ya shiga. Ƙwayar parbo tana iya yin watanni a cikin ƙasar tsakar gida tana jiran kare na gaba, don haka mai rainon da ba ya duba kati bai kamata ya ga igiyar karenka ba.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne ƙofofi. Kare a baƙon wuri tunaninsa ɗaya ne a kwanakin farko: ya fita ya nemi mai shi. Da zarar an buɗe ƙofa don karɓar saƙo, ko wani yaro ya manta sakata, shi ke nan ya fice, kuma a unguwar da bai sani ba. A gidanta ƙofa biyu ce tsakanin falo da titi, ba a buɗe ta waje sai an rufe ta ciki, kuma na ga ɗanta ma haka yake yi ba tare da an tuna masa ba. Na zagaya tsakar gidan da ƙafata, na bi gindin katangar ina duba rami ko wani abin da kare zai taka ya haura. Akwai wani tsohon teburi jingine da bango, na nuna mata, ta ce gaskiya ne, muka ɗauke shi tare nan take. Ta ce a kwana ukun farko ko tsakar gida Duna ba zai fita ba sai da doguwar igiya, kuma a yawon waje ba za ta taɓa kwance shi ba ko da na ce ta yi. Ta sa na ƙara lambar wayarta a abin wuyansa, ta kuma tambaya ko lambar wayar da ke rajistar ɗan maikurocif ɗinsa, wato 'yar na'urar shaida da aka dasa masa a ƙarƙashin fata, tana aiki har yanzu. Da na duba, ashe tsohuwar lambata ce da na daina amfani da ita shekara biyu da suka wuce.

Na roƙi ta buɗe mini kicin da ɗakin ajiya, ba ta ɓata rai ba. Ina neman shinkafar ɓera a lungu, ko magungunan mutane a inda baki zai kai, domin ƙwayar ciwon kai irin su ibufurofen tana lalata ciki da ƙodar kare. Ban ga ko ɗaya ba. A jikin firij ta liƙa takarda da ta rubuta abubuwan da ba a ba kare: cakulan, inabi da zabibi, albasa, tafarnuwa, da cingam mai zaƙin zailitol. Ta ce saboda baƙi ta rubuta, don su ne ke jefa wa kare abu cikin tausayi.

Mun yi gwajin kwana ɗaya mako guda kafin tafiyar. Duna bai ci abincin dare ba, ya kwana a bakin ƙofa, kuma da safe ta faɗa mini haka ba ta ɓoye ba. A Ingila, tun 2018 doka ta wajabta wa masu wannan sana'a lasisi daga ƙaramar hukuma, ana duba gidan a ba shi tauraro daga 1 zuwa 5, kuma ba a haɗa karnukan gidaje daban-daban sai kowane mai kare ya amince a rubuce, bayan an gwada su tare. Ko a inda babu irin wannan doka, ina ganin ya dace mai kare ya nemi haka da bakinsa. Ni na nema, ta kuwa gabatar da Duna ga karnuka biyun da zai zauna da su, ɗaya bayan ɗaya, a tsakar gida, kowa da igiyarsa. Ta nuna mini takardar inshorarta, muka sa hannu a kan izinin kai shi asibiti ba sai ta jira ni ba.

Na tafi na bar mata abincinsa na gida a auna, kowace rana da ƙunshinta, saboda sauya wa kare abinci kwatsam kan jawo gudawa. Na bar bargonsa ban wanke ba, da ƙwayoyi na kwana goma sha biyu ko da jirgi zai makara.

Batun magani ba ni da abin cewa sai godiya. Sau goma sha takwas ya kamata ya sha, sau goma sha takwas hoto ya shigo wayata, ga ƙwayar a tafin hannunta, ga agogon bango a bayanta. Mafi jinkirin da ta yi minti ashirin ne. Ciwon bai tashi ba ko sau ɗaya. Ta kuma riƙa fita da su yawo da sassafe da bayan faɗuwar rana, domin kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, baƙin kare kuwa rana ta fi dukansa.

A rana ta huɗu, ina tsakiyar taro, wayata ta yi ƙara. Muryarta na rawa ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, an ciji Duna a kunne, ga mu a hanyar asibiti." Kunnen kare yana zubar da jini sosai, in ya girgiza kai kuma sai ya fantsama ko'ina, hoton farko da ta turo sai da ya sa na zauna. Likita ya wanke, ya yi ɗinki uku, ya ba da maganin da ba zai yi karo da na farfaɗiyarsa ba, don ta tafi da takardar da na bar mata. Ita ta biya kuɗin, ba ta ko ɗaga mini maganar ba.

Da dare na kira na ce, "Malama, ki faɗa mini yadda aka yi, kada ki rage komai." Ta ce ta karɓi kare na huɗu a ranar, na wata tsohuwar abokiyar hulɗarta da uzuri ya taso mata, na yini ɗaya kawai. Ɗanta ya ba baƙon karen ƙashin tauna a falo, Duna ya matso ya shinshina, shi kuwa ya kai masa cizo. Wannan shi ne inda nake da ƙorafi, kuma har yau ban sauka daga kai ba. Da ni da ita mun yi magana a kan karnuka uku, na ga biyun da idona, na yarda da su. Na huɗun ban san shi ba, ba a tambaye ni ba, ba a gwada shi da Duna ba. Ita da kanta ta gaya mini ranar farko cewa a ɗakuna daban take ba su abinci saboda kare ko mai kirki ne yana iya faɗa a kan kwano ko ƙashi. Wannan ƙa'ida tata tana nan a kanta, amma ba ta kai kan yaron ba, kuma shi ma hannu ne da ke kula da karnukan. Wasu sun ce mini tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ni na ce tsautsayin da aka san hanyarsa ana iya toshe ta, kuma da an kira ni da safen nan da na ce a ware Duna a ɗaki har baƙon ya tafi.

Duk da haka ba zan zalunce ta ba. Cikin minti goma da faruwar abin ta kira ni. Tana iya yin shiru har in dawo ta ce ƙaya ce ta yage shi, ba yadda zan yi in gane. Ba ta ɗora wa yaron laifi ba, ta ce nata ne. Sauran kwana biyar ɗin Duna a ɗakinta ya riƙa kwana da ledar wuya don kada ya sosa ɗinkin, kuma safe da yamma tana turo mini hoton kunnen kusa-kusa in ga ko ya kumbura.

Ranar da na je ɗaukarsa ya rage kusan rabin kilo, abin da ban yi mamaki ba ga karen da ya yi kewar gida. Ya yi tsalle ya dafa ƙirjina, sannan ya koma ya jingina da ƙafarta kafin mu fita. Kare mai tsoron mutum ba ya yin haka, na kuwa lura da shi sosai a wannan lokacin. Ta miƙo mini ragowar ƙwayoyi shida cif, da ɗan littafin da ta rubuta abin da ya ci da lokutan fitarsa kowace rana.

Wata mai zuwa ina da tafiyar kwana biyu, kuma wurinta zan sake kai shi. Na rubuta mata sharuɗɗa biyu a ƙasan takardar da muke sa wa hannu: ba a shigo da karen da Duna bai sani ba sai an kira ni, kuma ba ƙashi ko abin tauna a falo muddin kare ya wuce ɗaya. Ta karanta, ta kira ɗanta ta sa shi ma ya karanta da ƙarfi, sannan su biyun suka sa hannu. An cire ɗinkin bayan kwana goma, gashin kunnen ya fara tsirowa, sai ɗan tabo a gefe da nake ji da yatsa in ina shafa shi.